Kada A Tambayi Na Cikin Rijiya Dalili

Idan bazara ta kama a jihar Maraɗi, tun daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan shuka, lokacin da ruwan rijiyoyi ke ja da baya har guga ya riƙa fitowa da laka da rairayi maimakon abin sha, a kan ga mutanen ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Runji sun bazama neman wanda zai sauka ya yashe musu rijiya. Kuma da yake sana'a ce wadda ba kowa ya iya ta ba, ba kuma kowa ke son ɗansa ya gaje ta ba, waɗanda ake samu 'yan ƙalilan ne, galibinsu talakawa, waɗanda abin da za su kai wa iyalinsu a wannan rana yana rataye ga saukar da za su yi. A kan waɗannan bayin Allah nake nufin in yi magana, da kuma wani haƙƙi nasu wanda ya kamata jama'a su zauna su tabbatar musu da shi, wato haƙƙin mutum ya zo bakin rijiya ya ce yau ba zai shiga ba, ko kuwa ya riga ya kai tsakiya ya ce a fitar da shi, a kuwa fitar da shi nan take, ba tare da an nemi hujja daga gare shi ba, ba a yi masa dariya ba, ba a kuma hana shi ladan wahalarsa ba.

Wannan ƙa'ida na aro ta ne daga wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, ga wuri da kuma ga hali, su ne masu nutso cikin teku don nishaɗi, waɗanda ke goya tukunyar iska a baya su sauka ƙarƙashin ruwa kallon kifaye da duwatsun murjani, a Bahar Maliya da sauran tekunan duniya. Sana'arsu ba tsohuwa ba ce, domin sai a shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wa mutum yin numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da an haɗa shi da jirgi ba. Amma cikin wannan ɗan lokaci sun binne 'yan'uwansu da yawa, kuma daga binnewar nan suka fitar da hukunci guda wanda malamansu ke koya wa kowane ɗalibi tun daga farko: kowane mai nutso yana da ikon ya yanke nutso, a kowane lokaci, saboda kowane dalili, ko da dalilin bai wuce cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tun da ba a magana a cikin ruwa, sai suka keɓe wa wannan hukunci alama tasa, ita ce ɗaga babban yatsa sama. Wanda aka ɗaga wa, wajibinsa ne ya mayar da alamar, ya bar abin da yake kallo kome kyawunsa, su hau tare. Ba shi da damar ya yi ciniki, ko ya roƙi a ƙara masa minti biyar, ko ya sallami abokinsa ya hau shi kaɗai. Mutum ya kan sayi tikitin jirgin sama, ya biya masauki, ya biya kuɗin jirgin ruwa, sa'an nan a gefen jirgin, bayan an ɗaura kaya duka, abokin tafiyarsa ya ce yana jin mura ta toshe masa kunne, ko igiyar ruwa ta yi masa ƙarfi. Ladabin da suka yarda da shi kuwa shi ne a kwance kaya, kada a nuna masa ɓacin rai ko a fuska. In za a yi tambaya, sai bayan an huta, kuma don a ƙaru da sani, ba don a tuhumce shi ba.

Ba tausayi kaɗai ya kai su ga wannan ba, akwai ilmi a ƙarƙashinsa. Kowane mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya duka, kuma idan ya kai wajen mita 30 iskar da yake shaƙa ta kan fara juya masa hankali, har ya kasa lissafin da yaro zai yi. Don haka ne masu nishaɗi ba su wuce mita 40. Suka gane cewa mutumin da hankalinsa ya fara gushewa ya kan ji a jikinsa cewa wani abu ya ɓaci tun kafin ya iya faɗin ko mene ne, kuma duk wanda ya tsaya jiran bayani daga irin wannan mutum, to, ya tsaya jiran abin da ba zai zo ba sai bayan lokaci ya ƙure.

Wannan hujja kuwa ta fi ƙarfi a rijiya bisa ga teku. A cikin kwarin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Runji, ruwa yana kusa, rijiyoyin lambu ba su da zurfi sosai, sai dai ƙasar rairayi ce mai saurin zubewa. Amma a kan tudu, a ƙauyukan da ke nesa da gulbi, akwai rijiyoyin da suka haura mita 40, waɗansu na gargajiya, waɗansu na siminti irin waɗanda hukumar OFEDES ta yi ta ginawa bayan samun mulkin kai. Iskar da muke shaƙa a sarari, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, shi ke riƙe da rai. A ƙasan rijiyar da ta daɗe a rufe, ko wadda ganyaye da mushe suka ruɓe a cikinta, wata iska mai nauyi da ake kira kabon dayoksaid ta kan taru ta kwanta, ta kori mai amfani, alhali ido ba ya ganinta. Mafi sharri daga wannan shi ne hayaƙin injin ban-ruwa, wanda masu noman rani suka fara sauke shi cikin rijiya ko su girke shi a bakinta don ya janye ruwa kafin a yi yasa, domin a cikinsa akwai guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ta kan kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Mai yasa yana ƙasa, ruwa iyakar gwiwarsa, yana cika guga da laka, bakin rijiyar ya koma masa ɗan farin da'ira can sama. Sai ya ji numfashinsa ya yi nauyi, kansa ya fara sarawa, hannunsa ya ƙi riƙe abin aiki yadda ya saba. Ya ɗaga murya ya ce a ja shi. Na sama, wanda ke cikin iska mai daɗi, ya leƙa ya ce, "Haba Malam, me ya faru? Saura guga biyar fa mu gama." Tsakanin wannan tambaya da amsarta ake rasa mutum, domin wanda wannan iska ta kama ba ya daɗewa kafin ƙafafunsa su saki, kuma wanda ya faɗi sumamme cikin ruwa, ko da iyakar gwiwa ne, ruwan ya isa ya kashe shi. Bambanci ɗaya ne tsakaninsa da mai nutso, shi ne cewa mai nutso dole ya hau sannu-sannu, har ya dakata minti 3 a zurfin mita 5, domin iskar da ta narke cikin jininsa ta fita a hankali, bisa ga ilmin da wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, John Scott Haldane, ya tsara tun 1908. Shi kuwa na cikin rijiya ba abin da zai jira, gaggawar fitar da shi ita ce maganinsa.

Idan irin wannan ta auku, abin da aka fi ji a wurin zaman makoki shi ne aljanun rijiya sun taɓa shi, ko kuwa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da samuwar aljannu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, ba na kuma jayayya da ƙaddara, wadda imani ba ya cika sai da ita. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ƙaddara mayafin rufe sakaci. Lokacin da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka tarye shi a wani wuri mai suna Sargu da labarin annoba ta sauka a ƙasar, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da mutanensa zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddarar Allah ne, ya ganar da shi cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Aya ta 195 cikin Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka, kuma malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun lissafa tsare rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su. Shari'ar da ta halatta wa majiyyaci ya bar alwala ya yi taimama don tsoron cutar ruwa, ba za ta wajabta wa mai lafiya ya zauna cikin guba don a ƙarasa yasa ba.

To, me ke hana mutum ya ce a fitar da shi? A ganina abu biyu ne, kunya da talauci, kuma kunya ta fi kisa. Mun taso cikin tarbiyyar da ta ɗora wa namiji jimiri, ta hana shi kuka, ta sanya kalmar "matsoraci" ta fi bulala zafi; tarbiyya ce mai alheri a gona da fagen fama, amma a bakin rijiya ta kan juye ta zama tarko. Ga mata sun jeru da tuluna da jarkoki suna jira, ga yara sun kewaye wurin, ga mai gari a kan kujerarsa, ga wani ɗan baki yana cewa Baba wane, Allah ya jiƙansa, ya yashe wannan rijiya shekara da shekaru bai taɓa cewa uffan ba. Wane ne zai kwance igiya a gaban wannan taro ya ce zuciyarsa ba ta ba shi ba? Sai wanda ya san cewa al'adar garin ta riga ta tsaya masa. Mu tuna da yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, inda kwamandoji uku suka yi shahada bi da bi, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, sa'an nan Halidu ɗan Walidu ya karɓi tuta, ya duba yawan rundunar Rumawa, ya janye Musulmi da dabara ya komo da su gida. Mutanen Madina suka tarye su da gori, suna kiransu magudana, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda da wannan suna ba, ya siffanta su da cewa masu komawa fage ne. Hausawa ma sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda ya fito yau, shi zai koma gobe bayan an kore mugunyar iska. Wanda ya daure don kunya, sau da yawa gari ya kan rasa shi, ya kuma rasa rijiyar na wani lokaci, tun da ba mai son shan ruwan da aka ciro gawa daga cikinsa.

A nan ne kuma ya wajaba in ambaci wata ɗabi'a wadda ban san uzurin da za a ba ta ba, ita ce sauke yaro cikin rijiya don ciro guga ko wayar hannu ko ɗan akuya, da hujjar cewa ba shi da nauyi. Yaron da ubansa ko maigidansa ya ce masa "shiga", ba shi da bakin cewa a'a, biyayyar da muka koya masa da kanmu ta rufe masa wannan ƙofa. Wanda kuwa ba shi da ikon ƙin shiga, ba ya halatta a shigar da shi. Abin da ƙugiya ta kasa cirowa, a nemi babba masani, ko a haƙura da shi.

Amma talauci, maganarsa tana komawa ga yadda ake ƙulla ciniki. Galibi jinga ake yi, a ce kaza za a ba ka in ka kai mu ga ruwa, in ba ka kai ba, ba ka da kome. Mutumin da ya yi kwana huɗu yana aiki a kan wannan sharaɗi, ya san fitowarsa a rana ta biyar tana nufin ya yi asarar duka, shi ya sa ya kan cije ya zauna. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu ke hannun kowane almajiri a ƙasar Gobir da Katsina, sun san wannan mas'ala sarai, har ma haƙar rijiya tana cikin misalan da Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala wajen bayanin ji'ala, wato ladan da ba a cancanta sai aiki ya kammala. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai karanta babin ya ƙare ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa ma'aikaci a ji'ala yana da damar ya bar aikin, alhali shi mai ba da aikin alkawari ya kama shi da zarar an fara. An kuma bayyana cewa idan mai aikin ya ɗauko wani ya ƙarasa, na farko yana da rabonsa gwargwadon abin da ya gabatar. Masu sharhi sun ƙara da cewa irin wannan ciniki a kan rijiya mahallinsa ƙasar da ba mallakar mai ba da aikin ba ce, domin in a gonarsa ko gidansa ne, ma'aikaci ya bari, to, ramin ya zauna masa ya amfana da gumin wani a banza. A can sai ijara, wadda ake biya gwargwadon aiki. Ashe haƙƙin fasawa, wanda masu nutso suka gano da jana'izar 'yan'uwansu, yana rubuce a littattafan da ke cikin gafakar malamanmu, aiki da shi ne muka bari.

Na san abin da masu rijiya za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya. Za su ce idan aka buɗe wannan ƙofa, malalaci zai karɓi kafin alƙalami, ya leƙa rijiya, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tafi da kuɗin mutane, ga gari cikin ƙishirwa, ga mata na tafiyar nesa da jakuna. I, za a sami irinsa. Amma ƙauye ba ya ɓoye halin mutum, wanda ya mai da fasawa sana'a ba za a sake kiransa ba, kuma iyakar asarar da zai jawo ita ce 'yan jikkuna da jinkirin kwana biyu. Idan aka ɗora wannan a mizani, aka ɗora a ɗaya gefen magidanci da za a bar matansa cikin takaba da 'ya'yansa cikin maraici, ba na tsammanin akwai mai hankalin da zai yi shakkar inda rinjaye yake. Ya fi mini sauƙi gari ya biya mutum goma da suka fito alhali ba kome a ƙasa, bisa ga ya riƙe mutum ɗaya a ƙasa alhali akwai.

Haƙƙin nan kuma ba na wanda ke ƙasa kaɗai ba ne. Mai riƙe da igiya shi ma yana da ikon ya yanke aiki, in ya ga rairayi na zuba daga bango, ko hadari ya taso, ko muryar abokinsa ta sake, ko ya kira sau biyu bai ji amsa ba. Idan ya ce a fito, na ƙasa ba shi da ta cewa, domin mai yiwuwa ne a wannan lokaci hankalinsa ba nasa ba ne. Wannan ba ya yiwuwa sai an shirya tun kafin a sauka, a buɗe rijiyar ta sha iska, a zura fitila mai wuta a gani ko za ta mutu, tare da sanin cewa fitila tana nuna ƙarancin oksijin ne kawai, ba ta tona asirin gubar inji, saboda haka inji ya tsaya nesa, hayaƙinsa na kallon wani waje. A ɗaura wa mai sauka igiya tasa dabam da ta guga, ɗaurin da ya kama ƙirji da cinyoyi, yadda ko ya suma za a jawo shi a tsaye, a kuma tsayar da ƙarti isassu waɗanda ba za su gusa ba har ya fito, a yarda da alama guda ta jan igiya wadda ma'anarta ita ce "ku fitar da ni", ba mai ƙara tambaya a bayanta.

Fasawa mafi wuya duka ita ce ta mai ceto. Mutum ya ga ƙanensa ya faɗi a ƙasan rijiya, jininsa ya motsa, ya kama igiya ya bi shi, iskar da ta kayar da na farko ta kayar da shi, na uku ya bi. Ta haka gida ɗaya ke fitar da gawa biyu ko uku a yini guda. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare, waɗanda suka shiga ceto ne. Riƙe irin wannan mutum da ƙarfi, ko yana zagi yana kuka, har a kaɗa iska cikin rijiyar, a ɗaura masa igiya, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, jinƙai ne gare shi da mahaifiyarsa. Ba mu kuma manta da ranar 7 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, nan maƙwabtanmu a Madarunfa, aka rasa aƙalla mutum 18. Samarin da ke sauka irin waɗannan ramuka 'ya'yanmu ne, kuma tarbiyyar da suka samu a bakin rijiyar ƙauyensu, ita suke tafiya da ita can.

Saboda haka ina roƙon sarakunanmu da hakimai da masu gari, da shugabannin ƙananan hukumomin Agye da Cadawa da Gazawa da Gangara da Tibiri da Cadakori da Gidan Sori da sauransu, su sa wannan magana cikin abin da ake shelantawa kafin bazara. Ina roƙon limamai su ba ta huɗuba guda a shekara, su karanta wa jama'a babin ijara da ji'ala da harshen da manomi zai gane. Kwamitocin ruwa na ƙauyuka kuma su ware kuɗin yini ga mai yasa, wanda za a ba shi ko ya sauka ko bai sauka ba. Kai kuma Alhaji mai rijiya, ko mai lambu a bakin gulbi, ranar da ka kira mutum aiki, kafin ya ɗaura igiya, ka faɗa masa da bakinka a gaban shaidu cewa duk lokacin da ya nemi fita za a fitar da shi, ba wanda zai tambaye shi dalili, kuma ladansa na wannan rana yana nan.